FASHIN BAƘI: Wa ya auna lambar da ke jikin kwalin? Yadda ake zaɓar matatar kumfa ga tankin murjani

Duk wanda ya shiga shagon kayan kiwon kifin ado a Amurka ko Jamus, ko ya buɗe shafin irin waɗannan shaguna a intanet, zai ci karo da wata na'ura mai kama da doguwar kwalbar roba garai-garai, da kofi a samanta. A jikin kwalin kowace an buga lamba: wannan ta tankin lita 300 ce, waccan ta lita 600, ta can gefe kuma ta lita 1,000. Mai saye yakan ɗauki lambar a matsayin awo, kamar kilon da ke rubuce a buhun siminti. Alhali kuwa babu wata hukuma da ke tantance ta, kuma babu wata ƙa'ida guda da kamfanonin suka amince su riƙa gwaji da ita. Kowane kamfani shi ke yanke wa na'urarsa lamba. Shi ya sa za ka tarar da na'urori biyu masu kusan tsawo ɗaya da faɗi ɗaya, masu zuƙar iska kusan daidai, amma lambobin da ke jikinsu sun yi hannun riga.

Na'urar ita ce wadda Turawa ke kira furotin sikima. A wannan rubutu zan kira ta matatar kumfa, domin da kumfa take tace ruwa. Ana amfani da ita a tankin gilashi na ruwan gishiri, wanda ake kiwon kifin teku da murjani mai rai a cikinsa.

Mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa ɗan jarida da kayan shaƙatawar masu hannu da shuni. Amsar tana cikin asalin abin da ake zubawa a tankin. Wani rahoto mai suna From Ocean to Aquarium, wanda cibiyar sa ido kan halittu ta shirin kare muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2003, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.5 zuwa 2 ne ke riƙe da tankin ruwan gishiri a duniya, kuma cinikin ya kai dala miliyan 200 zuwa 330 a shekara. A 2012 kuma Andrew Rhyne da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon bin takardun shigo da kaya ɗaya bayan ɗaya, inda suka gano cewa cikin shekara guda, tsakanin 2004 da 2005, kifin teku kimanin miliyan 11 daga nau'i 1,802 ne suka shiga Amurka, mafi yawansu daga Filifin da Indonesiya. Akasarin nau'o'in nan ba a gona ake haifarsu ba. Masunta ne ke nutsewa su kamo su daga gidajensu a teku, wani lokaci ma da gubar sayanaid, duk da cewa an haramta hakan. Ke nan duk kifin da ya mutu a falon wani a Landan saboda ruwa ya ɓaci, za a sake nutsewa a kamo madadinsa a can gaɓar Indonesiya. Zaɓen matata na daga cikin ƙananan shawarwarin da ke yanke ko zai rayu.

Abin da matatar ke yi

Murjanin da Bahaushe ya sani shi ne jan dutsen ado da ake yi wa amare tsakiya da shi. Kafin ya zama dutse, ƙashin wata ƙaramar dabba ce ta teku. Murjanin da ake kiwo a tanki dangin wancan ne, sai dai na ruwan ɗumi ne marar zurfi, kuma da ransa ake ajiye shi. Mafi yawan irinsa na ɗauke da wasu ƙananan tsirrai masu ƙwayar halitta ɗaya a cikin tsokarsa, waɗanda ke amfani da haske su samar masa da abinci. A teku, ruwan da ke kewaye da shi tas yake, ga kuma igiya na wanke shi dare da rana. A tanki babu inda ƙazanta za ta je. Kashin kifi, ragowar abinci, majinar da murjani ke fitarwa, duk a ruwan suke narkewa. Ƙwayoyin bakteriya na mayar da su ammoniya, su mayar da ammoniyar naitirayit, sannan naitiret, a gefe guda kuma fosfet na taruwa. Idan naitiret da fosfet suka yi yawa, gansakuka ta rufe duwatsu, murjani ya koma ruwan ƙasa, girmansa ya tsaya.

Hikimar matatar ita ce ta fitar da wani kaso na ƙazantar tun kafin ta ruɓe. Ana cusa iska cikin ruwa har ta farfashe ta zama miliyoyin ƙananan ƙwayoyin kumfa. Da yawa daga cikin sinadaran da jikin halitta ke fitarwa suna da ɗabi'ar sabulu: gefe ɗaya na son ruwa, ɗaya gefen na gudunsa. Gefen da ke gudun ruwa sai ya maƙale a fatar kumfar. Kumfa ta tashi da kayanta, ta taru a wuyan na'urar, ta yi kauri, ta tumbatsa cikin kofin da ke sama. Abin da ke taruwa a kofin ruwa ne mai duhu da ɗoyi, wanda ake zubarwa duk bayan 'yan kwanaki. Wanda ya taɓa ganin mai girki na kwashe kumfar da ta taso a tukunyar nama da ludayi ya ga kwatankwacin aikin.

Wannan dabara ta fi tafiya a ruwan gishiri. Gishirin ne ke hana ƙwayoyin kumfa haɗewa da juna, sai su zauna ƙanana, su daɗe ba su fashe ba. A ruwan daɗi nan da nan suke haɗewa su zama manya su fashe. Saboda haka mai kiwon tarwada a Kano ko Ibadan da wani ya tallata masa irin wannan na'ura ta tankin ado, ya riƙe kuɗinsa.

Tun kafin masu kifin ado su san ta, ana amfani da dabarar raba abubuwa da kumfa a masana'antu da wuraren tace ruwan ƙazanta. A Jamus ne ta shiga harkar tankin gida cikin shekarun 1960. Daga baya masu kiwo a birnin Berlin suka haɗa abubuwa uku, wato duwatsun teku masu ɗauke da ƙwayoyin halitta, haske mai ƙarfi, da matatar kumfa, suka nuna cewa murjani mai ƙashi zai iya rayuwa har ya yi girma a cikin gida. Har yau ana kiran wannan haɗi da tsarin Berlin. Matatun farko da ɗan guntun katako mai huji-huji suke fitar da kumfa. Mafi yawan na yanzu suna da injin turo ruwa wanda farfelarsa ke da tsinke-tsinke, ita ke yayyanka iskar ta zama kumfa.

Abin da gwaji ya nuna

Shekaru da dama ana cinikin na'urar nan bisa talla da labarin baki. Wanda ya yi fice wajen kai ta ɗakin gwaji shi ne Ken Feldman, farfesan kimiyyar sinadarai a Jami'ar Jihar Pennsylvania, wanda shi ma mai kiwon murjani ne. Shi da ɗalibansa sun wallafa sakamakonsu a mujallar Advanced Aquarist a 2009 da 2010. Sun auna jimillar sinadaran kabon na jikin halitta da ke cikin ruwan tanki, suka kunna matatu iri-iri, suka riƙa bin yadda adadin ke sauka. Abin da suka samu bai yi wa masu talla daɗi ba. Matatun sun fitar da kimanin kashi 20 zuwa 35 cikin 100 ne kawai, daga nan sai aikin ya tsaya, komai daɗewar da na'urar ta yi tana gudu. Sauran sinadaran ba sa maƙalewa a kumfa. Haka kuma tsadar na'ura ba ta nuna cewa za ta fi mai araha kwashewa ba. Da suka binciki abin da ke cikin kofin, sai suka tarar cewa kaso mai yawa ba furotin ba ne, burbushin alli ne da ɓawon ƙananan halittun ruwa.

A nan ne, a ganina, duk maganar girman matata ta rataya. Idan abin da kumfa za ta iya ɗauka yana da iyaka, to babbar matata ba za ta ƙetare iyakar ba; iyakacinta ta isa can da wuri. Da ta isa, sai ta zauna tana gudu a banza har ƙazanta ta sake taruwa. Abin da ake nema shi ne na'urar da saurin kwashewarta ya yi daidai da saurin da tankin ke samar da ƙazanta. Ƙazanta kuwa daga bakin kifi take farawa. Ruwa ba ya haifar da ita. Tankin lita 400 mai ƙananan kifi huɗu da ake ba abinci sau ɗaya a rana, da tankin lita 400 mai kifi goma sha biyar da ake ciyarwa sau uku, lambar kwali ɗaya ce za ta hau kansu, amma bukatarsu ta sha bamban.

Idan ta yi ƙarami, da idan ta yi girma

Matsalar ƙaramar matata a fili take. Kofinta na cika kullum, amma naitiret da fosfet na ci gaba da hawa, ruwa na komawa rawaya-rawaya, gilashi na yin kore kwana ɗaya bayan an goge shi. Mai tankin zai ga alamun, kuma yana da mafita: ya ƙara yawan sauya ruwa, ya rage abinci, ko ya sa gawayin tacewa.

Matsalar babba ce ta fi ruɗarwa, domin mai ita yana ganin ya yi abin da ya dace, har ma ya wuce. Kafin kumfa ta hau wuyan matata ta zuba a kofi, sai ta samu isassun sinadaran da za su riƙe ta, kamar yadda ruwan wanki ba ya yin kumfa mai tsayawa idan sabulun ya yi kaɗan. Babbar matata wuyanta na da faɗi. Idan ƙazantar tankin ba ta kai ta cika wannan faɗi da kumfa mai kauri ba, sai kumfar ta riƙa fashewa a tsakiyar hanya, dattin ya manne a bangon wuyan, wani ma ya koma cikin ruwa. Kwana uku, huɗu, kofi fayau. Mai tankin ya ƙosa, ya ɗaga tsayin ruwan da ke cikin na'urar don ya tilasta mata aiki. Ranar da ya zuba abinci mai yawa, ko ya sa wani magani, ko ya yi amfani da gam wajen manna murjani, sai na'urar ta haukace, kofi ya cika da ruwa cikin 'yan mintoci ya malala.

Malalar nan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Ruwan gishiri ne ke fita. Yawancin tankuna na da wata ƙaramar na'ura da ke cike gurbin ruwan da ya tashi a tururi da ruwan daɗi, kuma ita ba ta san bambancin tururi da malala ba. Idan kofin na da bututun da ke zubarwa waje, sai ta yi ta ɗura ruwan daɗi a madadin na gishiri. Ruwan murjani ana riƙe shi a kusan giram 35 na gishiri cikin kowane kilo na ruwa, daidai da na teku. Idan ya sauka da yawa cikin dare ɗaya, murjani ba ya jurewa.

Akwai kuma illar tsabtar da ta wuce kima. An daɗe ana koya wa masu kiwo cewa burinsu shi ne naitiret da fosfet su koma sifili. Yanzu ƙwararru da yawa sun janye daga wannan. Tsirran da ke cikin tsokar murjani na bukatar ɗan abin da za su ci. Idan aka haɗa matata mai ƙarfi da sauran hanyoyin tacewa a tanki mai kifi kaɗan, murjani kan koɗe, kuma a irin wannan yanayi ne wasu ƙananan halittu masu yauƙi, waɗanda wasunsu ke da guba, suka fi samun damar mamaye yashi da duwatsu. Masu kiwo da dama a yau na barin naitiret tsakanin miligiram 1 zuwa 10 a lita, fosfet kuma tsakanin 0.03 da 0.1.

Tsohuwar shawarar da ta yaɗu ita ce mutum ya sayi matatar da lambarta ta ninka tankinsa sau biyu. Shawarar na da dalili a zamanin da na'urorin ke da rauni, lambobin kuma an hura su sosai. Matatun yanzu sun fi na da zuƙar iska nesa ba kusa ba, wasu kamfanonin kuma sun rage zuzutawa. Wanda ya bi tsohuwar shawara da sabuwar na'ura, sau da yawa babbar da ba ta aiki zai kai gida. Mai shago kuwa ba shi da dalilin hana shi, tunda babbar ta fi tsada.

Yadda ake lissafin

Matakin farko shi ne sanin ainihin ruwan da ke cikin tsarin. A ce tankin na da tsawon santimita 120, faɗi 50, zurfi 50. A takarda lita 300 ke nan. Amma ba a cika shi har baki, gilashin ma na da kauri, a ce an rasa lita 30. Duwatsu da yashi su cinye wajen lita 40, saura 230. A ƙarƙashin yawancin tankunan murjani akwai ƙaramin tanki na biyu a cikin kabad, inda ruwa ke gangarawa a tace shi kafin a mayar da shi sama, kuma a nan matatar ke zama. Idan yana riƙe da lita 50, jimilla ta zama 280. Da wannan lamba za a yi aiki.

A kula da galan. Kamfanonin Amurka da galan suke rubutu, kuma galan ɗinsu lita 3.785 ne. Na Ingila lita 4.546 ne. Wanda ya lissafa da galan ɗin da ya saba sayen man gyaɗa ko fetur da shi zai kauce. Lita 280 ta yi daidai da galan 74 na Amurka.

Mataki na biyu ya fi wuya, domin yana bukatar mutum ya faɗa wa kansa gaskiya: kifi nawa zai zuba, wane iri, kuma sau nawa zai ciyar da su? Girman jiki ya fi yawan kai muhimmanci. Kifi guda mai tsawon tafin hannu na iya fitar da ƙazantar da ta fi ta ƙanana biyar. Akwai nau'o'in da dole a ba su abinci sau da dama a rana, akwai masu cin nama da ke barin ragowa. Lissafin kuma na tankin da zai kasance nan da shekara guda ne, lokacin da kifayen suka girma. Abin da bai kamata ba shi ne sayen matata saboda wani babban tanki da mutum ke mafarkin mallaka wata rana, domin kafin ranar ta zo, na yanzu ne zai sha wahala.

Kamfanonin da suka fi gaskiya na buga lambobi uku: na tanki mai kifi kaɗan, na matsakaici, da na mai cunkoso. Za ka ga, alal misali, an rubuta 500, 350 da 250. Mai lita 280 da matsakaicin kifi, irin wannan ta dace da shi. Idan tankinsa cike yake da manyan kifi, ya nemi wadda lambarta ta cunkoso ta kai 280 ko ta ɗan haura. Idan kuma kifi uku ne da murjani mai laushi, wadda ke ƙasa da wannan ta wadatar. Inda aka buga lamba ɗaya tak, ya fi aminci a ɗauke ta a matsayin ta tanki mai kifi kaɗan, tunda ita ce mafi girma da kamfani zai iya bugawa ba tare da an kama shi da ƙarya ƙarara ba.

Mataki na uku shi ne a bar lambar talla a duba abin da za a iya aunawa: yawan iskar da injin ke zuƙa a awa, wadda ake rubutawa da lita, da faɗin jikin na'urar, da faɗin wuyanta. Da waɗannan ukun ne za a iya jera na'urorin kamfanoni daban-daban a kwatanta su. Idan biyu sun yi kusan daidai a duka ukun amma ɗaya ta ce 300 ɗaya ta ce 700, bambancin daga ofishin talla ya fito. Iska mai yawa a ƙaramin jiki ma ba alheri ba ce, domin ruwan zai yi ta tafasa, kumfa ta kasa natsuwa ta hau. Kamfanin da ya ƙi bayyana yawan iskar da na'urarsa ke zuƙa, ni dai ina ɗaukar shirun nasa a matsayin bayani.

Sauran abin awo ne da tef. Kowace matata na da zurfin ruwan da take so ta zauna a ciki, galibi tsakanin santimita 15 da 25, kuma tana so zurfin ya tsaya cak, kada ya riƙa hawa da sauka. A auna faɗin gurbin da za ta shiga, a kuma bar sarari a sama don a iya zare kofin. Mutane da yawa sun sayi na'ura mai kyau, sai da suka kai gida suka ga kofin ba ya fita sai an ciro ta gaba ɗaya, kuma abin da ke da wuyar wankewa ba a wanke shi. Wanda ba shi da tanki na biyu, akwai matatar da ake rataya wa a bayan tanki, sai dai ita idan ta malala, a ƙasan ɗaki take zubarwa.

Injinan zamani da ake iya rage musu gudu ko ƙarawa sun sassauta matsalar, domin suna ba mutum damar farawa a hankali lokacin da tankin ke sabo, ya ƙara yayin da kifi ke ƙaruwa. Amma rage gudu ba ya rage faɗin wuya. Sassaucin na tsakanin na'urori maƙwabta ne a girma, ba zai mayar da ta lita 1,000 ta zama ta lita 200 ba.

Wuta da iskar ɗaki

Gaɓar tekun Najeriya ba ta da irin tsibin murjanin da ake gani a Bahar Maliya ko gaɓar Kenya, saboda laka da ruwan daɗin da koguna ke kwararowa. Duk mai wannan sha'awa a Legas ko Abuja, daga waje zai shigo da komai, har gishirin, da kuɗin waje. Kuma akwai abubuwa biyu da littattafan Turai ba su cika damuwa da su ba, waɗanda a nan su ne kan gaba.

Na farko wuta. Injin matatar tankin gida ba ya cin wuta sosai. Mai wat 20 da ke gudu dare da rana zai ci kilowat-awa 14.4 a wata. Damuwar tana ga ɗaukewa. Idan wuta ta tafi, ruwan da ke bututu da saman babban tanki na gangarowa cikin na ƙasa, tsayinsa ya ƙaru. Da wuta ta dawo, matatar ta tashi a cikin ruwan da ya fi ƙarfinta, nan take ta malala. Maganin shi ne a sa mata na'urar jinkiri ta 'yan mintoci, har sai ruwan ya koma matsayinsa. A gidan da ake sauyawa tsakanin wutar gwamnati da janareto da inbata sau da yawa a rana, wannan ƙaramin abu ya fi ƙarin lita ɗari a jikin kwali amfani. Matatar na kuma taimakawa wajen shigar da iskar oksijin, musamman da dare lokacin da komai na tankin ke shaƙa babu mai samarwa. Idan batir ba zai iya ɗaukar komai ba, abin da ke motsa ruwa shi ya kamata ya fara samu.

Na biyu, matatar na zuƙar iskar ɗakin da take ciki ta cuɗa ta da ruwan, ɗaruruwan lita a kowace awa. Duk abin da ke cikin iskar zai shiga: feshin maganin sauro, hayaƙin janareto, turaren wuta, ƙurar hunturu. Maganin kashe ƙwari guba ne ga jatan lande da kaguwa da kifi. A rufaffen ɗaki mai na'urar sanyaya wuri da mutane da yawa kuma, iskar kabon dayoksaid na taruwa fiye da ta waje, ta shiga ruwa ta ƙara masa tsami, abin da ke rage saurin gina ƙashin murjani. Wasu na jan bututun iskar zuwa waje, wasu na sa masa matatar gawayi. Gwargwadon girman matata, gwargwadon yawan iskar ɗakin da take ɗurawa.

Ba kowane tanki ne ma ke bukatarta ba. Ƙananan tankuna, kamar na lita 40 zuwa 80, da yawa na tafiya lafiya da sauya wani kaso na ruwan duk mako. Akwai kuma masu dogaro da ciyawar teku da suke shukawa a tankin ƙasa tana shanye naitiret da fosfet, dabarar da ke da alaƙa da aikin da Walter Adey ya yi a cibiyar Smithsonian ta Amurka. Wanda ke da irin wannan tsari, matatarsa ta kamata ta ƙara ƙanƙanta, tunda ba ita kaɗai ke aikin ba.

Bayan an saya

Sabuwar matata ba a yanke mata hukunci a makon farko. Akwai maiƙon masana'anta a jikinta, kuma sai bangonta ya yi ɗan yauƙi kafin kumfa ta daidaita, abin da kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Ko hannu mutum ya tsoma a tanki, ko ya zuba abinci mai maiƙo, kumfar kan faɗi na ɗan lokaci, wannan ba lalacewa ba ce. Bayan ta zauna, wadda ta dace za ta riƙa tara ruwa mai launin shayi zuwa na kofi a kai a kai, ba tare da an riƙa murɗa ta kullum ba. A riƙa wanke wuyan aƙalla sau ɗaya a mako, domin dattin da ya manne na karya kumfa. Hukunci na ƙarshe kuma na kayan gwajin ruwa ne: a auna naitiret da fosfet duk mako, a rubuta, a duba inda suka dosa cikin wata biyu.

Wanda ya riga ya sayi babba ba lallai ne ya jefar ba. Zai iya rage gudun injin idan irin mai raguwa ne, ko ya ɗora ta a kan ɗan dandamali don rage zurfin da take ciki idan malala ce matsalar. Wasu na sa mata agogo ta yi aiki da dare kawai, lokacin da tankin ya fi bukatar iska. Idan gwaji ya nuna naitiret da fosfet sun kusa sifili, a ƙara abinci kaɗan-kaɗan. Abin da ya kamata a guje wa shi ne ƙaro kifi don kawai a sama wa na'ura aikin yi. Idan za a ƙara, a nemi waɗanda aka haifa a gona. Kifin nan mai ratsin fari da ruwan lemo da fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya yi wa suna an daɗe ana haifar da shi a tanki, kuma a 2015 masu bincike a cibiyar Oceanic Institute ta Hawaii suka yi nasarar renon rawayan kifin nan da ake kira tang, wanda a da sai dai a kamo shi daga teku. Irin waɗannan sun saba da abincin gwangwani tun suna ƙanana, sun kuma fi jure rayuwar tanki.